An kwashe kaya an bar makullai: matsalar izini bayan ƙaura daga SVN zuwa Git

A ranar 8 ga Janairun 2024 GitHub ya daina karɓar masu shiga ta hanyar Subversion, wato SVN. Kafin nan, a 2020, Bitbucket ya sallami Mercurial. Manyan ayyuka irin su LLVM a 2019, da GCC da FreeBSD a 2020, duk sun tattara sun koma Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 2005. Aikin waɗannan manhajoji dai ɗaya ne: adana tarihin duk canjin da aka yi wa fayilolin aiki, da sunan wanda ya yi shi. Sai dai masu ƙaura da dama kan tarar tarihi ya iso lafiya lau, amma ma'aikata sun kasa tura ko layi ɗaya.

Dalili kuwa shi ne izini ba ya bin kaya. A SVN akwai fayil mai suna authz, inda ake rubuta wane zai karanta wace folda, wane kuma zai yi rubutu a ciki. Git shi kansa ba shi da wannan. Duk wanda ya samu damar kwafar rumbun, ya samu komai har da tarihinsa. To ka ga haɗarin ke nan: foldar da ake ɓoye kalmomin sirri a cikinta tana iya zama a buɗe ga kowa. Rigakafi ya fi magani, a ware ta a rumbu na daban tun kafin a tashi. In kuwa ta riga ta shiga, goge fayil ba ya wadatarwa, don yana nan a tarihi. Dole a canja kalmomin sirrin.

Sai kuma saƙonnin da ke tayar wa mutane hankali. In ka ga "Permission denied (publickey)", sabar ce ba ta gane makullin SSH ɗinka ba. Gwada ssh -T git@github.com ka ji da wane suna ta san ka. Duba kuma fayil ɗin makullin: in wasu na iya karanta shi, SSH zai ƙi amfani da shi, sai ka mayar da izininsa 600. Kalmar sirrin asusu kuma GitHub ya daina karɓarta wajen tura aiki tun 13 ga Agustan 2021.

In saƙon ya ce "insufficient permission for adding an object", yawanci wanda ya yi aikin ƙaurar ne ya yi shi da asusun root, fayiloli suka zama mallakarsa shi kaɗai. Nan ne wasu kan yi gaggawar buga chmod 777. Kul! Wannan cire ƙofar ne ɗungurungum don makulli ya ɓace. A gyara mallaka da chown, a haɗa ma'aikata a rukuni ɗaya, a saita core.sharedRepository zuwa group.

Shi kuma "dubious ownership" ya samo asali ne daga gyaran tsaro na Afrilun 2022: Git ba ya yarda ya yi aiki a foldar da ba taka ba. Ka gyara mallakar, ko ka sa wannan foldar kaɗai a safe.directory.

Saura sunaye. SVN gajeren suna yake ajiyewa, Git kuwa suna da imel yake so. In ba a shirya jerin da ke haɗa tsohon suna da imel ba, aikin shekaru zai fito kamar ba shi da mai shi.

Don haka kafin a rufe tsohuwar sabar, a bar ta a matsayin karatu kawai, a sa ƙaramin ma'aikaci ya gwada kwafa da turawa da asusunsa. Gwajin mai babban izini ba ya nuna komai, don shi ko'ina a buɗe yake masa.