Ɗakin Goshin Jirgin Ruwa: Daɗi Da Wahala

Mai karatu, in Allah ya hore maka tafiya a jirgin ruwan yawon shaƙatawa, kada ɗakin goshi mai baranda ya ruɗe ka. Gaskiya ne, abin da kyaftin ke hange shi kake hange. Amma in teku ta tashi, goshi ya fi ko'ina tangal-tangal, mai saurin jiri kuwa zai sha amai. In jirgi na gudu, iska takan hana zaman baranda. Da dare sai an ja labule, kada haske ya dami matuƙa.

To, a kwantaccen ruwan tsakanin duwatsun Norway, watau irin su Geiranger, ba ka yi asara ba. In kuwa ta tekun Biscay za a ratsa, nemi ɗakin tsakiya a hawan ƙasa.