Idan A-kori-kurarka Ta Fara Tari

Tsohuwar Peugeot 504 ɗinka tana kakkarwa a tsaye, ga shan mai, ga tari a salansa? Shi ne abin da makanikai ke kira misin: ɗaya cikin silinda 4 ba ta ƙona fetur.

Kafin a ce a sauke inji, kuɗin cefanen wata su tafi, gwada wannan. Kunna mota, ka zare wayoyin fulogi ɗaya bayan ɗaya da filaya mai hannun roba, domin wutar tana fizga. Wadda ka zare ƙarar injin ba ta canza ba, nan ciwon yake. Musanya fuloginta da na kusa. In misin ya bi fulogin, sayi sabo. In bai bi ba, duba wayar. Fulogi jiƙe da baƙin mai kuwa, zoben fistin ake zargi, sai gareji.