Ko Kun Sani?

Tsamiyar kunu da ake sayarwa a kasuwannin Dogon Dutsi da Tibiri tana wanke tagulla tas. Tagulla haɗin jan ƙarfe ne da tutiya, ba ta yin tsatsa, sai dai iska da gumin hannu su dusar da ita. A jiƙa tsamiya, a zuba gishiri kaɗan, a goge munduwa ko likkafa da tsumma, a ɗauraye, a shanya.

Mariƙin ƙofa na tagulla da ake saya a kanti kuwa yakan zo da shafen ƙyalli. In shafen ya fara ɓarewa, sai an cire shi da asiton tukuna kafin a goge da tsamiya. Amma a fara kara maganaɗisu: in ya kama, ƙarfe ne aka yi wa ruwan tagulla, gurza za ta cinye shi.