Hisabin 'Yan Foka, da Abin da Ke Cikinsa ga Samarin Tarauni

A watan Oktoba na shekarar 2024 Hukumar Hisba ta Jihar Kano ta shiga rufe shagunan cacar ƙwallo, a watan da ya biyo baya kuma Kotun Ƙoli ta soke dokar caca ta tarayya ta 2005, ta mayar da al'amarin hannun jihohi. Sai dai duk wanda ya san majalisun samari na Gyadi-Gyadi da Tarauni, ya kuma san yawan wayoyin da ke fita kullum daga kasuwar Farm Centre, ya san cewa ana iya yin cacar ba tare da an taka ƙofar shago ba. Hukuncin maisir a Suratul Baƙara da Suratul Ma'ida bai ɓuya ga ɗan Islamiyya ba, malamai kuwa ba su gaza wajen bayaninsa ba. Abin da ya saura shi ne shubuhar da saurayi yake fakewa da ita, wai shi nasa ba sa'a ba ce, sani ne da nazari.

To, bari mu kai wannan da'awa gaban waɗanda suka fi kowa cancantar yin ta, wato 'yan foka, domin foka wasan karta ne da ƙwarewa take da tasiri a cikinsa ba bisa ƙarya ba. An fara buga ta da kuɗi a intanet a 1998, amma ba ta game duniya ba sai a 2003, sa'ad da wani akanta ɗan Amurka, Chris Moneymaker, ya samu kujera ta hanyar ƙaramar gasa a dandalin PokerStars, ya je Las Vegas ya cinye babbar gasar duniya ta dala miliyan 2.5. Daga nan dubban mutane suka ɗauki abin sana'a, da yawansu kuwa suka fara da gasar tebur guda.

Tsarinta ba wuya. Mutum tara ne yawanci suke zama, da kujeru sun cika sai a fara, a ba kowa tsabar wasa daidai da ta ɗan'uwansa, wanda tasa ta ƙare ya tashi, har a bar mutum ɗaya. Na farko ya ɗauki rabin kuɗin da aka tara, na biyu kashi 30 cikin ɗari, na uku kashi 20, sauran shida su tafi hannu rabbana. Mu ƙaddara kowa ya zuba naira 1,000, ya ƙara 100 ladan mai dandali: na farko zai sami 4,500, na biyu 2,700, na uku 1,800. In ƙwarewarsu ɗaya ce, abin da zai komo wa kowannensu bayan an daɗe ana bugawa shi ne 1,000 a kan kowace 1,100, asarar kusan kashi 9 cikin ɗari ke nan tun ba a raba karta ba, mai dandali kuwa ya riga ya sa naira 900 a lalitarsa, ko wa ya ci.

Saboda haka ne ma'abota wannan fanni suka ɗora wa kansu sharaɗi na farko, cewa ba a auna sakamako da abin da zuciya ta tuna, sai da abin da aka rubuta, gama zuciya tana riƙe daren da aka ci, ta yar da darare goma da aka tashi a tutar babu. Suna rubuta kowace gasa da abin da aka zuba da matsayin da aka ƙare, sa'an nan su raba ribar da jimillar abin da aka zuba. A misalinmu, wanda ya buga gasa 100, ya zo na farko sau 13, na biyu sau 12, na uku sau 12, ya karɓi 112,500 alhali ya zuba 110,000. Ribarsa 2,500 ce, kaɗan ta haura kashi 2 cikin ɗari, da kuwa karta ɗaya ta kuskure masa a ɗaya daga cikin waɗancan goma sha ukun ya fita ba komai, da ya wayi gari cikin asara. Ashe gasa ɗari ba ta isa hujja ba. Jacob Bernoulli, a littafinsa da aka buga a 1713, ya tabbatar da cewa haƙiƙanin rabo ba ya bayyana sai gwaji ya yawaita ƙwarai, shi ya sa ƙwararru ba sa yarda da alƙaluman kowa sai sun kai dubbai. Ko mai matsakaicin hannu, yiwuwar ya jera gasa goma bai karɓi kwabo ba ta kai kusan ɗaya cikin 58. Haka nan marar iyawa yakan jera nasarori har ya ɗauka shi gwani ne.

Sharaɗi na biyu ya fi na farko zurfi, shi ne a rarrabe tsakanin kyawun shawara da kyawun natija. Bayan an tashi, mai neman gyara yakan koma ga tarihin hannuwan da kwamfuta ta adana, ya tambayi kansa ko abin da ya yi daidai ne bisa abin da ya sani a lokacin, ba tare da ya duba yadda ta kaya ba. Sau da yawa hannun da ya ci shi ne wanda ya yi wauta a cikinsa. Suna kuma da wani ma'auni, wanda asalinsa lissafin da David Harville ya yi wa tseren dawakai ne a 1973, Mason Malmuth ya kawo irinsa cikin foka a 1987, mai nuna cewa ninka tsaba ba ya ninka rabon mutum na kuɗi, tun da wanda ya tattara tsabar tebur kaf rabin kuɗin kaɗai zai karɓa. Don haka idan an rage mutum huɗu, uku ne kuma za a biya, ajiye karta mai kyau yakan fi kasada da ita, mai tsaba da yawa kuwa ya matsa wa masu tsoron fita.

Yanzu sai a ɗora tikitin ƙwallo a kan wannan sikeli. Inda ɓangarori biyu suke kunnen doki amma kamfani ya biya 1.90 maimakon 2, naira 95 ce take komowa daga kowace 100. In aka haɗa wasa goma irin wannan a tikiti guda, ragin yana hawa kan ragi har abin da ke komowa ya sauko wajen naira 60. Mai cewa wasa ɗaya ne ya yanke masa bai lura ba cewa don a riƙa yankewa a wasa ɗaya aka gina tikitin. Ɗan foka yana karawa ne da mutane irinsa masu kuskure, duk da haka bayan dubban gasa da bitar dare da rana ribar gwaninsu siririya ce, a jimlace kuwa asara suke yi dole, domin kuɗin da ake rabawa bai kai wanda aka zuba ba. A watan Afrilu na 2011 ma, da hukumomin Amurka suka rufe manyan dandalinsu, Amurkawa masu ajiya a Full Tilt, ɗaya daga cikin waɗanda aka rufe, sun yi shekaru suna jiran haƙƙinsu.

Saboda haka wanda ya ce nasa sani ne, sai a ce masa ya kawo littafi, wanda aka rubuta kowace naira da ta fita da kowace da ta shigo, tun daga ranar farko. In ba shi da shi, da'awarsa ba ta da shaida. In kuwa yana da shi, ya tara jimilla da kansa. Wannan muhasaba, ta rubuta komai da ƙin ruɗuwa da ribar kwana ɗaya, ita ce kaɗai abin ɗauka a wajen 'yan foka, kuma ta fi amfani a hannun mai sayar da waya ko mai tuƙa adaidaita sahu, waɗanda ribarsu ba sai wani ya yi asara take zuwa ba.