Gado 400 a Gaya, ko sha-ka-tafi a Ajingi?

Bayan gwamnatin Ganduje ta ƙirƙiri masarautar Gaya a 2019, ta yi alkawarin ɗaga asibitin garin ya koma mai gado 400, kamar na Bichi da Rano da Ƙaraye. Tunanin yana da hujja. Da korona ta shigo Kano a watan Afrilun 2020, a birni da gefensa aka kafa wuraren killace masu cutar: filin wasa na Sani Abacha, Giginyu, Kwanar Dawaki. Mutumin gabashin jihar da numfashinsa ya sarƙe sai ya ƙetare gadar Wudil kafin ya ga tukunyar oksijin. Ƙarin jini, tiyatar mai naƙuda, waɗanda haɗarin mota ya rutsa da su a hanyar Dutse, duk aikin babban asibiti ne, kuma Gaya ta cancanci irinsa.

Sai dai annobar da ta fi yi wa yankin sallama ba ta jiran mota. Amai da gudawa na iya tsotse ruwan jikin yaro tsakanin asuba da la'asar. A ƙauyukan Ajingi, irin su Toranke da Balare da Gafasa, da damina a kan mashin ake goyo mara lafiya, wani ya zauna a baya yana tallabe da shi. Abin da zai cece shi bai taka kara ya karya ba: ruwan gishiri da sukari, ledar ƙarin ruwa, da malamin asibitin da ke kwana a garin, ba mai komawa birni da azahar ba. Haka mashaƙon da ya addabi Kano a 2023: yaran da ba su sami rigakafi ba ya fi kamawa, rigakafin kuwa a firjin sha-ka-tafi yake zama.

Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, da burin kowace mazaɓa ta sami asibiti guda mai aiki. Ajingi mazaɓu 10 gare ta. To, ba a yanka zaren buɗe firji, shi ya sa 'yan siyasa suka fi son gini.

A ganina, in kuɗin ba zai isa duka ba, a fara da mazaɓun nan 10. Wanda aka ɗaura wa ruwa a Toranke da safe ba zai tare gado a Gaya da dare ba, sai gadon ya jira mai naƙudar da ke buƙatar wuƙa.