Ƙoƙi, Ganyen da Ke Farauta

Ƙoƙi-ƙoƙi halitta ce daga cikin ƙwari, mai dogon wuya da kai mai kusurwa uku, wadda aka fi gani a cikin birnin Kano da damina, lokacin da ciyawa ta rufe gindin badala, bakin kududdufai kuma ya cika da fara da malam-buɗe-littafi. Masana sun ƙididdige ire-irenta sama da 2,400, sun kuma tabbatar da cewa dangin kyankyaso da gara ce, sai dai ta saɓa musu wajen ci, domin abin da ta kama da ransa shi ne abincinta.

Makaminta shi ne sajewa, wato ɗaukar launi da siffar wurin da take, har mai kallo ya kasa bambance ta da ɗanyen ganye ko busasshen tsinke. Takan naɗe ƙafafunta na gaba, masu ƙayoyi a jere kamar haƙoran zarto, ta yi cik, kanta kaɗai ke juyawa yana bin motsi, da zarar ƙuda ko fara ta matso kuwa sai ta cafke ta, ta soma ci tun tana shure-shure: lumbu-lumbu ke nan, wutar ƙaiƙayi. A shekarar 1874 jaridar New York World ta Amurka ta buga labarin wata bishiyar Madagaska mai cin mutane, wanda daga baya ya tabbata ƙage ne, amma da mai ƙagen ya san ƙoƙi, da ya ga ganyen da yake nema, ganye mai ido da ƙafafu shida.

Hausawa sun aurar da ita ga Gizo, har suna cewa tatsuniyar Gizo ba ta wuce Ƙoƙi, kuma a tatsuniyoyin ita ce matar da ke fama da haɗama da makircin miji. Masu tatsuniya dai sun yi wa Gizo gata, domin a zahiri macen ƙoƙi ta fi namijinta girma, wani lokaci ma takan cinye shi yayin barbara, ta faro daga kai. Daga nan sai ta zuba ƙwayayenta cikin wata kumfa da ke daskarewa a jikin reshe ko katanga, 'ya'yan kuma idan sun ƙyanƙyashe ba su sami abinci ba, sukan far wa juna.