Jirgin Dutse Zai Iso Kano, Amma Ina Zai Sauke Fasinja?

Ran 9 ga watan Fabrairu na shekarar 2021 ne marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, mai tsawon kilomita 284, wanda aka ba kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal kwangilarsa a kan kuɗi kusan dala miliyan dubu biyu. A lokacin, hankalin jama'a ya tafi ga gardamar ko ya dace Nijeriya ta kai dogo har cikin wata ƙasa, har aka kusa mantawa da cewa a cikin kwangilar nan akwai wani reshe na kilomita 93 wanda zai tashi daga Kano ya nufi Dutse, babban birnin Jihar Jigawa. Wannan reshe kuwa shi ya fi shafar talakan Dutse da Kiyawa da Jahun, domin ba jirgin doguwar tafiya ba ne, jirgi ne irin wanda mutum zai hau da safe ya je birni ya yi sha'aninsa, ya komo gida ya yi sallar magariba.

Jirgin ƙasa ba baƙo ba ne a ƙasar Jigawa. Dogo ya iso Kano a 1911, kuma ya zuwa 1930 Turawa sun miƙa shi har Nguru, ya ratsa Ringim da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa. Gyaɗa suka bi, ba mutane ba, shi ya sa layin ya bar Haɗeja a gefe, mutanenta sai sun zo Malam Madori su hau. Dutse kuwa, wadda a zamanin nan gunduma ce a ƙarƙashin Kano, ko ƙarar jirgi ba ta ji ba. Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ran 27 ga Agusta, 1991, aka mai da Dutse hedkwata, sai ga babban birnin jiha wanda ba shi da hanyar fita sai ta mota. Ya sami Jami'ar Tarayya a 2011, ya sami filin jirgin sama a 2014, amma buhun shinkafa da na riɗi da dabino ba sa hawa jirgin sama.

Duk wanda ya san zaman Dutse ya san rabin harkarta a Kano take. Mai shago yana saro atamfa a Kantin Kwari, kayan masarufi a Singa da Sabon Gari. Mai hatsi yana duban Dawanau. Majinyacin da ciwonsa ya tsananta akan tura shi Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Ga kuma ma'aikata waɗanda iyalinsu ke Kano, su kuwa suna kwana Dutse daga Litinin zuwa Juma'a. Dukkansu gadar Wudil suke bi, wadda ranar Juma'a, watau ranar kasuwar shanu, ba a wuce ta da gaggawa. Saboda haka babu shakka jirgin zai sami fasinja. Abin tambaya shi ne inda zai sauke su, da kuma abin da zai ɗauke su daga can.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce, kuma mutanen Kaduna za su ba da shaida. Layin Abuja zuwa Kaduna, wanda aka buɗe a watan Yuli na 2016, ya tsaya ne a Rigasa, can bayan gari, sai fasinja ya sake neman mota ko Keke ya ratsa cunkoso kafin ya kai inda za shi. A ɓangaren Abuja ma tashar Idu nesa take da tsakiyar birni, amma can an yi dabara, an haɗa ta da ƙaramin jirgin cikin gari wanda aka buɗe a 2018, mai zuwa tsakiyar birni da filin jirgin sama. Jirgin nan ya tsaya cik a 2020 lokacin annobar korona, bai komo aiki ba sai a watan Mayu na 2024, kuma a shekarun nan huɗu fasinjan Idu ya ɗanɗana abin da na Rigasa ya saba sha. Mai tafiyar kilomita 186 yana iya haƙuri da wannan wahala. Mai tafiyar kilomita 93 ba zai yi ba, domin motar haya tana kai shi har cikin gari a kan kuɗi guda, ba tare da sauke kaya sau biyu ba.

Misalin da ya fi dacewa a duba shi ne na birnin Alƙahira. Misirawa suna da tsofaffin layuka biyu na bayan gari, ɗaya daga Helwan a kudu, ɗaya daga El Marg a arewa, kowanne yana ƙarewa a tasharsa dabam, fasinja ya sauka ya shiga turmutsitsin birni. Da suka tashi gina jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda shi ne na farko a nahiyar Afirka, ba su ƙaga sabon layi daga tushe ba. Rami suka haƙa na 'yan kilomitoci a ƙarƙashin tsakiyar birnin, suka ɗinke layukan nan biyu suka zama guda. An buɗe kashi na farko a 1987, aka kammala haɗin a 1989, layin ya kai kimanin kilomita 44, kuma yana da tasha a gindin babbar tashar Ramsis, inda jiragen Iskandariyya da Aswan ke tsayawa. Birnin Faris ma haka ya yi a 1977. A nan gida, Jihar Legas ta bi wannan hanya da Jan Layinta, wanda ya fara ɗaukar fasinja a watan Oktoba na 2024 daga Oyingbo zuwa Agbado, kilomita 27, a kan hanyar dogon Gwamnatin Tarayya mai zuwa Ibadan.

To, me Kano ke da shi? Abu mafi daraja shi ne tsohuwar tashar reluwe, wadda ke tsakiyar harkar ciniki, tafiyar ƙafa ce daga nan zuwa Kantin Kwari da Sabon Gari, ga kuma tsohon layi da ya ratsa gari ya nufi Zariya ta kudu, ya nufi Ringim ta gabas. Birane da yawa sai sun rushe gidaje kafin su sami irin wannan fili. Amma akwai cikas. Faɗin tsohon dogo milimita 1,067 ne, na sabon kuwa 1,435, watau tazarar milimita 368, ƙasa da kamu guda, amma ta isa ta hana taragon Dutse taka layin Nguru. Ma'ana, mutumin Ringim da mutumin Dutse, 'yan jiha ɗaya, jiragensu ba za su haɗu a kan ƙarfe ɗaya ba, sai dai a gina tasha inda za a sauka daga wannan a hau wancan, ko kuwa a sake shimfiɗa tsohon layin da sabon faɗi.

Bugu da ƙari, harsashin sabon layin Kaduna zuwa Kano, mai kilomita 203, a Zawaciki aka aza shi a watan Yuli na 2021, can gefen kudu na birnin, kusa da inda tashar kaya ta kan tudu ta Dala take. Wurin ya dace da kwantena da manyan motoci, amma ga tsohuwa mai takardar asibiti a hannu wata tafiya ce sabuwa. Abin da zai cike wannan giɓi shi ne jirgin cikin gari, wanda Gwamnatin Jihar Kano ta sa hannu a kan yarjejeniyar gina shi da wani kamfanin ƙasar Sin tun 2016, amma har shekarar 2024 ta ƙare ba a ga tarago ko ɗaya ba. Legas ta fi kowa sanin tsadar irin wannan jinkiri: shirin jirgin birni na Gwamna Lateef Jakande na 1983 an soke shi a 1985, ba a ga jirgin cikin gari yana ɗaukar fasinja ba sai a watan Satumba na 2023.

Aikin ya rabu hannu uku ne, Gwamnatin Tarayya ke da dogo, Kano ke da titunan birni da 'yan Adaidaita Sahu, Jigawa ke da fasinja. Rabon Jigawa ba shi da wuyar ganewa: hanya mai kwalta daga tashar Dutse zuwa cikin gari da kasuwar Shuwarin, motocin safa masu tashi daga Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu daidai da lokacin jirgi, da kuma kujera a teburin da ake yanke shawarar inda tashar Kano za ta zauna, tun kafin a zuba mata kankare.